Talauci, Tsuke Bakin Aljihu da Muhawarar Masu Zaɓe a Arewacin Kamaru: Maiganga a Zaɓuɓɓukan 1992

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1992 aka gudanar da manyan zaɓuɓɓuka guda biyu a ƙasar Kamaru, wato na 'yan majalisar dokoki a ranar 1 ga Maris, da na shugaban ƙasa a ranar 11 ga Oktoba. Su ne na farko da jam'iyyu da dama suka fafata a cikinsu tun bayan da aka mayar da ƙasar kan tsarin jam'iyya ɗaya a shekarar 1966. An yi su ne kuma a daidai lokacin da talauci ya yi wa jama'a katutu, gwamnati tana ta janye hannunta daga tallafin da ta saba bayarwa a fannin noma da lafiya da ilimi.

Wannan takarda za ta dubi yadda masu zaɓe a arewacin ƙasar suka yi muhawara kan shugabannin jam'iyyu da halin rayuwa kafin waɗannan zaɓuɓɓuka, tare da ɗaukar garin Maiganga a matsayin misali. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, ko da yake talauci ne ya tayar da muhawarar, ba a kansa ta tsaya ba. An tambayi mai zaɓe wanda yake so ya shugabance shi, amma ba a tambaye shi abin da za a zaftare da abin da za a bari ba. Saboda haka sai gardama ta koma kan asalin shugabanni da tsoffin ƙorafe-ƙorafen da ke tsakanin al'ummomi, alhali mafi zafin matakan tsuke bakin aljihu suna jiran a gama jefa ƙuri'a.

2.0 Maiganga da Mutanenta

Maiganga ita ce hedikwatar gundumar Mbere a lardin Adamawa na Kamaru. Tana kimanin kilomita 160 kudu maso gabas da Ngaundere, a kan hanyar da ta nufi Garwa-Bulai da Bertuwa, ba ta kuma da nisa da iyakar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ƙasa ce ta tudu mai yawan ciyawa da ruwan sama, ta dace da noma ta kuma dace da kiwo.

Mafi yawan mazauna gundumar 'yan ƙabilar Gbaya ne, waɗanda ake kira Baya, manoman rogo da masara. Akwai Kiristoci da yawa a cikinsu, musamman mabiya ɗariƙar Luta da 'yan mishan suka kawo tun shekarun 1920, akwai kuma Musulmi. Ban da su akwai Fulanin gida da Hausawa, waɗanda fatauci da sufuri da cinikin shanu suka fi yawa a hannunsu, sai kuma Fulanin daji, wato Bararo, da ke kiwo a karkara. Fulatanci ne harshen kasuwa.

Dangantakar waɗannan al'ummomi tana da dogon tarihi, kuma ba duka ne mai daɗin tunawa ba. A ƙarni na 19 rundunonin lamiɗon Ngaundere sun riƙa ratsa ƙasar Gbaya don kamun bayi da karɓar gandu. Garin Kunde, wanda ke wannan shiyya, ya zama babban zango inda fataken Hausawa ke sayen hauren giwa da bayi. Wasu shugabannin Gbaya sun yi ƙawance da Fulani sun amfana, wasu kuwa mutanensu aka kwashe. A zamanin Faransawa kuma, cikin shekarar 1928, aka yi boren Karnu, inda Gbaya da maƙwabtansu suka tayar wa Turawan mulkin mallaka saboda aikin tilas da haraji. Masanin nan Philip Burnham, wanda ya daɗe yana bincike a wannan yanki, ya tattauna yadda wannan tarihi ya dawo cikin siyasar zamani a littafin da ya fitar a 1996.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Ahmadu Ahidjo, Bafulatani ɗan Garwa, ya mulki ƙasar har shekara 22. A zamaninsa arewa baki ɗaya lardi guda ne, hedikwatarsa Garwa, kuma manyan muƙamai sun fi zuwa hannun Musulmi. Al'ummomin arewa da ba Musulmi ba sun daɗe suna kukan cewa sai mutum ya musulunta ya rungumi al'adun Fulani kafin ya ci gaba. Lokacin da Paul Biya ya gaji Ahidjo a watan Nuwamba na 1982, ba a jima ba suka ɓata. A watan Agusta na 1983 aka raba arewa gida uku: Adamawa, da Arewa, da Arewa Mai Nisa, masu hedikwata a Ngaundere da Garwa da Marwa. Ranar 6 ga Afrilu 1984 wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, yawancinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba. An kashe wasu, an ɗaure da dama, wasu suka tsere. Ahidjo ya rasu a gudun hijira a birnin Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989, a can kuma aka binne shi. Wannan tabo yana nan a zukatan mutanen arewa lokacin da aka buɗe fagen siyasa.

3.0 Daga Wadata Zuwa Tsuke Bakin Aljihu

Har zuwa tsakiyar shekarun 1980 ana lissafa Kamaru cikin ƙasashen Afirka masu hali. Ta fara haƙo man fetur a ƙarshen shekarun 1970, ga koko da kofi a kudu, ga auduga a arewa. Da wannan arziki gwamnati ta ɗauki nauyin abubuwa da dama. Ɗalibin jami'a ba ya biyan kuɗin karatu, shi ake ba alawus, kuma yana da kyakkyawan zaton samun aikin gwamnati idan ya gama. Ma'aikaci yana da kuɗin gida da wasu alawus-alawus. Manomi yana samun taki da maganin ƙwari cikin rahusa, kuma hukuma ce ke tsayar da farashin amfanin gonarsa tun kafin girbi. A arewa kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, shi ne ke ba da iri da taki bashi, shi ke sayen auduga, har hanyoyin karkara yakan gyara. A wannan shekara ce kuma layin dogo ya iso Ngaundere, abin da ya sauƙaƙa kai shanun Adamawa kasuwannin Yawunde da Duwala.

Daga 1985 zuwa 1986 farashin mai da na koko da kofi da auduga ya faɗi a kasuwar duniya, dalar Amurka da ake cinikinsu da ita ma ta yi sauƙi. Kuɗin shiga ya ragu ƙwarai, bashi ya taru. A 1987 shugaba Biya ya fito fili ya shaida wa jama'a cewa ƙasar ta shiga matsi. Da farko gwamnati ta yi ƙoƙarin rage kashe kuɗi da kanta, amma a watan Satumba na 1988 sai da ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, a 1989 kuma ta karɓi bashin gyaran tattalin arziki daga Bankin Duniya.

Sharuɗɗan wannan bashi ba baƙi ba ne ga wanda ya san abin da ya faru a Nijeriya daga 1986. An dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata, an rage alawus, an fara rufe kamfanonin gwamnati ko sayar da su, an janye tallafin taki sannu a hankali. Bankuna da dama sun durƙushe da ajiyar mutane a ciki. A 1989 aka rage kuɗin da ake biyan manomin koko daga sefa 420 zuwa 250 a kan kilo guda, aka kuma rage na manomin auduga. Hukumar sayen amfanin gona ta ƙasa, wadda manoma ke bin ta bashi, an rushe ta a 1991. A asibitoci kuwa aka koma tsarin da marar lafiya zai biya kuɗin magani, bisa shawarar da ministocin lafiya na Afirka suka amince da ita a Bamako a 1987.

Abin lura a nan shi ne, wannan matsi bai zo wa kowa ta hanya ɗaya ba. A gari irin Maiganga, ɗan Gbaya da ya yi karatu a makarantar mishan, aikin malanta ko na asibiti ko na ofis ne babban burinsa, sai ga shi an rufe wannan ƙofa. Bahaushe ko Bafulatani ɗan kasuwa kuwa, ciniki ne ya tsaya masa, ga jami'an haraji da na kwastan sun ƙara matsawa domin gwamnati na neman kuɗi ido rufe. Makiyayi ya ga mahautan kudu sun rage saye domin masu albashi sun rage cin nama, ga maganin dabbobi ya koma na kuɗi. Macen da ke kawo garin rogo kasuwa ita ma ta ga abin da take samu bai kai kuɗin makarantar 'ya'yanta ba. Ciwon ɗaya ne, amma kowa da inda ya fi yi masa zafi, kuma kowa da wanda yake zargi.

4.0 Buɗe Fagen Siyasa da Shugabannin Jam'iyyu

Shekarar 1990 ta zo da guguwar canji a Afirka. A watan Fabrairu aka yi babban taron ƙasa a Benin wanda ya ƙwace iko daga hannun Mathieu Kerekou. A wannan wata ne kuma, ranar 9, jami'an tsaro suka harbe ɗalibai a Yamai suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. A Kamaru, John Fru Ndi, mai sayar da littattafai a Bamenda, ya ƙaddamar da jam'iyyar SDF ranar 26 ga Mayu 1990, aka kashe mutum shida a wurin. A watan Disamba na wannan shekara gwamnati ta amince da dokar kafa jam'iyyu.

'Yan adawa sun nemi a kira babban taron ƙasa irin na Benin, Biya ya ce babu buƙatarsa. Daga nan suka kira yajin da aka yi wa laƙabi da matattun birane, wato a rufe kasuwanni da shaguna, a tsayar da motoci, a ƙi biyan haraji, sai a ƙarshen mako a buɗe don mutane su sayi abinci. An shafe watanni ana wannan a 1991, kuma biranen arewa suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Don kwantar da hankali Biya ya naɗa Sa'adu Hayatu, ɗan gidan sarautar Garwa, a matsayin firaminista a watan Afrilu na 1991, sannan aka yi taron sulhu a Yawunde daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, inda aka share fagen zaɓe.

Shugabanni huɗu ne sunayensu suka fi yawo a bakin mutanen arewa. Na farko Paul Biya, shugaban jam'iyyar RDPC mai mulki, wadda aka kafa a Bamenda a 1985 a madadin tsohuwar jam'iyyar Ahidjo. Na biyu Bello Buba Maigari, wanda ya riƙe firaminista daga Nuwamba 1982 zuwa Agusta 1983, ya yi gudun hijira a Nijeriya bayan yunƙurin 1984, ya dawo gida a 1991. A babban taron jam'iyyar UNDP da aka yi a Garwa a watan Janairu na 1992 ya karɓe shugabancinta daga hannun Samuel Eboua, ɗan kudu. Na uku Dakole Daisala, ɗan ƙabilar Tupuri daga Arewa Mai Nisa, wanda ya yi shekaru a kurkuku bayan 1984 ba tare da an yanke masa hukunci ba, ya fito ya jagoranci jam'iyyar MDR da ke magana da yawun 'yan arewa waɗanda ba Musulmi ba. Na huɗu shi ne Fru Ndi, wanda takensa da turancin kasuwa ke cewa wahala ta ƙare.

5.0 Muhawarar Masu Zaɓe

Ba a shafukan jarida aka fi yin wannan muhawara a arewa ba, domin masu karatun boko ba su da yawa, jaridun adawa kuma a Duwala ake buga su. An yi ta ne a rumfunan kasuwa, da tashoshin mota, da karar shanu, da ƙofar masallaci da coci, da majalisun hira bayan la'asar. Rediyo ne babban mai kawo labari: gidan rediyon Garwa mai shirye-shiryen Fulatanci da Hausa yana faɗin na gwamnati, sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare kuma suna faɗin abin da ya rage. Idan aka tattara abin da aka riƙa ja-in-ja a kansa, za a ga ya kasu kashi uku.

5.1 Wa Ya Jawo Talaucin?

Magoya bayan adawa sun ɗora laifin kan Biya da muƙarrabansa. Hujjarsu ita ce, Ahidjo ya bar baitulmali da kuɗi, cikin shekara biyar aka wayi gari ana roƙon bashi, saboda haka almubazzaranci da sata ne suka jawo. Magoya bayan gwamnati kuwa sun ce matsalar daga kasuwar duniya ta zo, ga Nijeriya nan da Nijar da Kwaddibuwa duk suna fama, ba kuwa Biya ke mulkinsu ba. Sun ƙara da cewa yajin matattun birane ya hana gwamnati haraji, ya ƙara dagula al'amarin.

Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya. Faɗuwar farashi ba laifin wani ɗan Kamaru ba ne, amma yadda aka ci gaba da kashe kuɗi kamar ba abin da ya faru, da basussukan da manya suka ci a bankuna ba su biya ba, laifin gida ne. Haka kuma wasu manyan ayyukan da suka ci kuɗi ba su haifar da komai ba, kamar gonar alkama ta gwamnati da aka kafa a Wasande cikin Adamawa, tun zamanin Ahidjo aka fara su.

5.2 Wa Zai Dawo da Abin da Aka Rasa?

A nan ne muhawarar ta yi rauni. Ga mutane da yawa a arewa, Bello Buba alama ce ta zamanin Ahidjo, lokacin da auduga ke da daraja, albashi ke fita a kan kari. Sai dai begen jiya ba shiri ba ne na gobe. Manyan jam'iyyun duka sun yarda da sakar wa kasuwa mara, kuma duk wanda ya ci zaɓe, bashin nan da sharuɗɗansa zai gada. Kuɗin ƙasar ma, wato sefa, a ɗaure yake da kuɗin Faransa, gwamnatin Yawunde ba ta da ikon taɓa darajarsa ita kaɗai. Saboda haka ba a fayyace wa mai zaɓe abubuwan da suka fi shafarsa ba: shin za a rage albashi ko za a rage ma'aikata, shin ɗalibi zai fara biyan kuɗin jami'a, shin soja zai ɗanɗana abin da malamin makaranta zai ɗanɗana. 'Yan adawa sun fi mayar da hankali kan cewa Biya ya tafi. Ita kuwa jam'iyya mai mulki ta tallata ɗan takararta a matsayin zaki mai tsare zaman lafiya.

Wannan ba a Kamaru kaɗai ya faru ba. A Nijeriya gwamnatin Janar Babangida ta buɗe muhawara a 1985 kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni, jama'a suka ce a'a, gwamnati ta ce ta ji, amma a 1986 ta aiwatar da kusan dukkan sharuɗɗan da sunan shirin gida. Bambancin kawai shi ne, a Nijeriya an yi tambayar an ƙi bin amsar, a Kamaru kuwa ba a ma yi tambayar ba.

5.3 Na Wane Ne Shugaban?

Da yake ba a ga bambanci a fili tsakanin shirye-shiryen jam'iyyu ba, sai mai zaɓe ya koma ga tambayar da yake da amsarta, wato wane ne wannan mutum, kuma idan ya hau su wa za su ci. A Maiganga yawancin Fulani da Hausawa sun bi UNDP, suna ganin ita za ta share wa arewa hawayen 1984. Yawancin Gbaya kuwa sun tsaya tare da RDPC. Ba don talauci bai taɓa su ba, sai don suna tsoron nasarar UNDP za ta dawo da zamanin da ake yi musu kallon na baya. A wurinsu raba arewa gida uku da aka yi a 1983 'yanci ne, alhali a wurin mutumin Garwa rage ƙarfi ne.

Yajin matattun birane ya ƙara fito da wannan rarrabuwa. Mai babban shago yana iya rufewa kwana biyar ya buɗe ranar Asabar, kayansa ba su ruɓewa. Macen da ta ɗauko rogo ko ganye daga ƙauye kuwa, abin da ta sayar yau shi za a ci yau. Idan matasan wata jam'iyya suka hana ta kasa kaya, ba za ta ga yaƙi da gwamnati ba, za ta ga 'ya'yan masu kuɗi na wata ƙabila sun tsaya tsakaninta da abincinta. A irin wannan yanayi aka yi arangama tsakanin Gbaya da Fulani a Maiganga a 1991, aka sake yin wadda ta fi muni a watan Maris na 1992, watan da aka yi zaɓen 'yan majalisa. An rasa rayuka, an yi asarar dukiya. Ba Maiganga kaɗai ba ce: a watan Janairu na 1992 an yi mummunan faɗa a Kuseri tsakanin Larabawan Shuwa da Kotoko a kan rajistar masu zaɓe. A duka wuraren biyu, talakawa ne suka kashe talakawa.

6.0 Sakamakon Zaɓuɓɓukan

Jam'iyyar SDF ta ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa. Cikin kujeru 180, RDPC ta sami 88, UNDP 68, UPC 18, MDR kuma 6. UNDP ta yi rinjaye ƙwarai a lardunan Adamawa da Arewa. Idan aka haɗa kujerun adawa sun kai 92, wato sun fi na gwamnati. Amma sai Dakole Daisala ya ƙulla ƙawance da RDPC, kujerunsa shida suka cika mata rinjaye, shi kuma ya zama minista. Rarrabuwar arewa tsakanin Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba ita ta tsare wa gwamnati majalisa.

Zaɓen shugaban ƙasa an matso da shi ne daga 1993 zuwa Oktoban 1992, kuma zagaye ɗaya ne, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci ko da bai kai rabi ba. 'Yan adawa sun kasa tsayar da mutum guda. Sakamakon da Kotun Ƙoli ta bayyana ya ba Biya kimanin kashi 40 cikin ɗari, Fru Ndi kashi 36, Bello Buba kashi 19, Adamu Ndam Njoya ƙasa da kashi 4. Fru Ndi ya ce shi ya ci, masu sa ido na ƙasashen waje sun yi suka mai tsanani kan yadda aka gudanar da zaɓen, aka kafa dokar ta-ɓaci a lardin Arewa maso Yamma, aka tsare Fru Ndi a gidansa. Ko da alƙaluman gwamnati aka bi, mutum shida cikin goma ba su zaɓi shugaba mai ci ba. A watan Nuwamba kuma wasu jiga-jigan UNDP biyu, Hamadu Mustafa da Isa Ciroma Bakari, suka karɓi muƙamin minista ba da yardar jam'iyyarsu ba.

7.0 Abin da Ya Biyo Bayan Ƙuri'a

Ba a yi wata huɗu da zaɓe ba sai ga abin da ba a faɗa a wurin yaƙin neman zaɓe ba. A watan Janairu na 1993 aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati, a watan Nuwamba aka sake zaftarewa fiye da na farko, har da yawa daga cikinsu suka rasa fiye da rabin abin da suke karɓa. Sojoji ba a taɓa nasu kamar na sauran ba. A cikin wannan shekara aka yi wa jami'a garambawul, aka mayar da ita jami'o'i shida ciki har da ta Ngaundere, aka soke alawus ɗin ɗalibai, aka sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Sannan a watan Janairu na 1994, a wani taro a Dakar, aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Magani da taki da duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Karya kuɗin ya ɗan taimaki mai sayar da auduga da shanu, amma ya gama da mai albashi.

Binciken farko na halin rayuwar iyalai da aka yi a 1996 ya nuna fiye da rabin mutanen ƙasar suna cikin talauci, kimanin kashi 53 cikin ɗari. Adadin ya sauka zuwa kashi 40 a 2001, amma arewa ba ta bi sahu ba. A binciken 2014, yayin da adadin ƙasa baki ɗaya ya tsaya kashi 37.5, na Arewa Mai Nisa ya haura kashi 74, na Arewa ya kusan 68, na Adamawa kuma 47. Wasu abubuwa sun ɗan dawo daga baya. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a shekarar 2000, an yafe wa ƙasar babban kaso na bashinta a 2006, an kuma ƙara albashi a 2008 bayan tarzomar tsadar rayuwa ta watan Fabrairu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta akwatin zaɓe ya zo ba.

Su kuwa shugabannin, hanyarsu daban. UNDP ta sauko daga kujeru 68 zuwa 13 a 1997, a ƙarshen wannan shekara Bello Buba ya shiga gwamnatin Biya, a 2002 jam'iyyarsa ta tsira da kujera ɗaya tak. Shi da Isa Ciroma sun daɗe suna riƙe da muƙaman minista, sai a watan Yuni na 2025 suka raba gari da gwamnati, kowannensu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen 12 ga Oktoba. A wannan karo ma ba a haɗu kan mutum guda ba. An bayyana Biya, yana da shekara 92, a matsayin wanda ya ci da kimanin kashi 54, Isa Ciroma ya zo na biyu da kashi 35, ya ce shi ya yi nasara, aka yi zanga-zanga a Garwa da Duwala.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Kamaru ta shiga zaɓuɓɓukan 1992 cikin matsin tattalin arziki, da yadda mutanen Maiganga suka fara muhawara kan talauci suka ƙare da faɗa a tsakaninsu. Ba daidai ba ne a ce jahilci ko ƙabilanci kawai ya sa haka. Mai zaɓe ya yi lissafi da abin da aka ba shi. Tun da babu ɗan takarar da ya gaya masa yadda za a raba asara, sai ya zaɓi wanda yake zaton zai tuna da shi ranar rabo, wato nasa. Hausawa na cewa kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta. Haka Bagbaye da Bafulatani da Bahaushe, kowa ya shiga rumfar zaɓe ɗauke da tarihinsa, 'yan siyasa kuma suka iske wannan tarihi ya fi bayanin kasafin kuɗi sauƙin sayarwa.

Ga mai nazarin tarihin siyasar ƙasashen da Hausawa ke zaune, wannan misali yana koyar da cewa bai isa a ƙirga ƙuri'u a ce an fahimci zaɓe ba. Dole a dubi abin da aka kawo gaban jama'a, da abin da aka ɓoye sai bayan an rantsar da gwamnati, da kuma inda aka yanke shawarar. A Kamaru ta 1992, sunan shugaba aka kai Maiganga don a zaɓa. Albashin malami da kuɗin jami'a da darajar sefa kuwa, a Yawunde da Washington da Paris da Dakar aka yanke su.